Ranar da Umara Shofer Ya Rabu da Taguwa

A Gure ta shekarun 1930, in ka ji rurin inji daga wajen hanyar Damagaram, ba sai ka tambaya ba: ko dai motar kumandan, Baturen mulki, ce, ko kuwa Taguwa ce ta Umara Shofer. Ta kumandan takan shigo gari a natse. Taguwa kuwa tun daga nesa take shelar zuwanta, tana tari tana atishawa, har mata su sami sararin kwashe shanyarsu daga bakin hanya.

Umara Babarbare ne gaba da baya, amma a kasuwa ya tashi, Hausa a bakinsa sai ka ce Badamagare. Ubansa dillalin raƙuma ne, kuma da ya rasu abin da ya bar masa raƙuma uku ne da magana ɗaya: akala ba ta barin hannun mai dabba sai kuɗi sun shiga ɗaya hannun. An ɗebi Umara soja lokacin babban yaƙin Turawa. Allah ya taimake shi bai taɓa harbin kowa ba, wankin motoci aka sa shi. Daga wanki ya koma miƙa wa makaniki ƙarafa, daga nan ya hau kujerar tuƙi. Da ya dawo ya yi wa wani Balaraben Tarabulus tuƙi a Damagaram shekara tara. Ranar da Balaraben ya tattara zai koma ƙasarsu, Umara ya sayar da raƙuman nan uku, ya haɗa da ɗan abin da ya tara, ya sayi tsohuwar kamiyon maigidan nasa, babbar motar ɗaukar kaya. Mutanen Gure suka yi masa dariya har da riƙe ciki, suka ce ya ba da masu haihuwa ya karɓo mai shan esansi, wato fetur. Ya ce ai ita ma taguwa ce, wato raƙuma, ƙafafunta ne kawai na roba. Sunan ya bi ta ke nan.

Aikinsa ɗaya ne. Ya loda mangul da kanwa da fatu ya kai Damagaram, ya dawo da turamen zane da sukari da goro da kananzir, fasinjoji kuma a bisa kaya, kowa ya riƙe abin da ya samu. Tafiyar da ayari ke yi kwana shida, Taguwa takan yi ta yini ɗaya in ta ga dama, kwana uku in ta tashi da fushi. Abokin aikinsa Ibram, mutumin Bune, tsohon mahaƙin rijiya, ya girme shi da shekara goma. Shi ne mai shimfiɗa tabarmin kaba a ƙarƙashin taya in rairayi ya riƙe su, shi ne mai ɗura ruwa a duk rijiyar da suka tarar, don Taguwa tana yoyo kuma ba ta jin kunyar hakan. Ibram ba mai magana ba ne. Yakan yi yini guda bai ce komai ba ban da bismilla da alhamdu lillahi.

Abin da aka san Umara da shi kunne ne. Wasu shoferori sai sun buɗe inji sun leƙa, shi kuwa ya ɗan karkata kai kawai, ya ce ga abin da ke damunta, a buɗe kuma a tarar haka ne. Yana alfahari da wannan, har ya yi yawa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da shi a gaba ya sha labarin kunnen nan sau uku kafin a kai Gidigir da ke kan hanya.

A shekara ta shida da sayen Taguwa sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Da fari ya ɗauka gilashi ne ba a goge ba, ya yi ta yi wa Ibram faɗa a banza. Ibram ya goge, ya sake gogewa. Wata safiya sai kawai ya sauko daga bisa kaya inda ya saba zama, ya shigo gaba ya zauna, ya kama ƙunƙuni kamar mai magana da kansa: jaki a dama, rami a gaba, a ɗan yi hagu. Umara ya ji, ya bi. Haka suka yi kusan shekara, ba wanda ya taɓa ambata wa ɗan'uwansa abin da suke yi. Sai wata rana, dab da Gidigir, Ibram ya ɗan yi gyangyaɗi, saura ƙiris Taguwa ta bi ta kan wata Bafulatana mai tallar nono. Ƙwaryar ce kawai ta fashe. Umara ya biya kuɗin nono da na ƙwarya, ya koma ya zauna a gaban sitiyari. Tsoro ya kama shi irin wanda ko a soja bai ji ba, kuma a nan ya yanke cewa tuƙi ya ƙare masa.

Ya riga ya san abin da zai yi da kuɗin. A wani kwari gabas da gari, irin kwarurrukan nan da ke tsakanin tuddan rairayi inda ruwa ke kusa, akwai garka mai dabino ashirin da rijiya, mai ita yana son sayarwa. Aikin garka hannu yake so, ba ido ba. Shi da matarsa Yabawa ba su da ɗa namiji, 'yarsu ɗaya tana aure can nesa, kuma Taguwa ita ce raƙuman ubansa da guminsa na shekara ashirin duka a wuri ɗaya. In kuɗinta suka salwanta, abin da ya rage masa sanda ce da ƙoƙo, kuma ya san haka sarai.

To, a nan ne ɗan dillali ya yi abin da ko ɗan makiyayi ba zai yi ba. Ya ƙi kai cinikin wurin Ɗan Kasuwa, babban dillalin Gure. Dalilinsa kuwa, dillali sai ya tambayi me ya sa za a sayar, kuma bakin Ɗan Kasuwa ba ya da marfi. In aka ji ido ne, masu saye za su san dole ce ta sa shi, su karya farashi. Abin da ya fi wannan ci masa rai, za a ce ya yi shekara yana ɗaukar matan mutane da 'ya'yansu alhali ba ya gani. Don haka ya ɗan raɗa wa 'yan kasuwa biyu uku a Damagaram cewa in ya sami mai saye da daraja zai iya rabuwa da ita, wai ya gaji da hanya. Ya manta, ko ya yi kamar ya manta, cewa la'adar da ake ba dillali ba ta surutu ba ce. Ana ba shi ne don ya san mai saye, ya san garinsu, ya san ƙofar gidan ubansa.

Wanda ya fara tayawa Muhammadu ne, wani Badamagare mai kanti a bakin kasuwar Gure. Ya zagaya motar, ya kushe tayoyi, ya kushe yoyo, ya taya jika huɗu, wato tamma dubu huɗu a kuɗin Faransa. Umara ya ce albarka. Garkar kaɗai jika biyar ce.

Bayan mako biyu sai ga baƙo a kan doki, da farar riga da rawani da ƙamshin turare, da wani mutum shiru-shiru a bayansa wanda ya ce shoferinsa ne. Ya ce sunansa Alhasan, yana sayen gyaɗa a wajen Nguru, kuma labarin Taguwa da na kunnen mai ita ne suka kawo shi. Wannan magana ta ƙarshe ita ta gama da Umara. Ya sauke shi a zaurensa, ya yanka masa rago, ya sa Yabawa ta yi ta girki kamar ana suna. Kwana uku baƙon ya yi yana yabon mota. Bai leƙa ƙarƙashinta ba, bai tambayi shekarunta ba, da aka gaya masa tana yoyo sai ya yi murmushi ya ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sau ɗaya ya nemi a bar shoferinsa ya ɗan gwada ta zuwa Gidigir ya dawo. Nan kam jinin dillali ya motsa. Taguwa ba ta tashi sai an murɗa ta da wani lanƙwasasshen ƙarfe da shoferori ke kira manibel, kuma Umara ya ɗauki ƙarfen nan a matsayin akalarta, a ƙarƙashin tabarmarsa yake ajiye shi. Ya ce shi zai tuƙa, su zauna su ji. Suka zagaya gari, Ibram na ƙunƙuninsa a gefe. Da suka sauka, baƙon ya taya jika bakwai, ba ja ba tayi.

Yabawa ba ta saki jiki da shi ba. Ta tsagar zana ta ga abin da ya tsaya mata a rai: Umara ya ajiye butarsa zai yi alwala, baƙon ya sa ƙafa ya ɗan matsar da ita, ya zuba ido yana kallon yadda hannun Umara ke laluben inda take. Ba ta iya gaya wa mijinta wannan ba, don faɗinsa sai ta taɓa abin da yake ɓoyewa. Abin da ta iya cewa kawai shi ne mai saye da bai kushe kaya ba, ba saye ya kawo shi ba. Umara ya ce mata ta bar maganar maza ga maza, kuma baƙonka annabinka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma baƙon nan ya riga ya ga tsagar.

Rana ta huɗu da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a gindin aduwar ƙofar gida. Limamin unguwa ya zo, maƙwabta biyar shida suka zo shaida, Ibram ya tsuguna jikin taya. Umara ya zauna da manibel a kan cinyarsa. Baƙon ya ce yana sauri, yana so ya kama hanya kafin rana ta yi zafi, ya zaro ƙunshin takardun kuɗi ɗaure da zare ya ajiye a hannun Umara.

Ya ce, "Ga su nan, Malam Umara. Kai da ka zauna da Nasara, ai ba sai an karanta maka ba. Duba da idonka."

Duk mutanen da ke wurin nan 'yan kuɗin ƙarfe ne. Wasunsu ba su taɓa riƙe takardar da ta wuce tamma biyar ba, kuma in takarda ta rikita wani a unguwar, wurin Umara ake kawo ta. Don haka kowa ya juyo yana kallonsa, ana jira ya ce sun cika. Ya kwance zaren, ya ɗaga ta farko kusa da fuska. Abin da ya gani wani dishi-dishi ne mai ruwan toka, ba lamba ba hoto. Ya shafa da yatsa, takarda ce kamar kowace takarda. Ya ɗan kaɗa ta kusa da kunne kamar mai korar ƙuda, amma takarda ba ta da murya. Kunnen nan da ya ci abinci da shi shekara da shekaru bai tsinana masa komai ba.

Liman ya riga ya gyara zama zai ɗaga hannu, kuma in aka shafa Fatiha ciniki ya faɗa, ba komawa. Abin da ake so daga Umara kalma biyu ce, ya ce sun cika, asirinsa ya rufu, ya tashi da mutuncinsa. Wallahi ya so ya faɗe su, har bakinsa ya buɗe. Sai ya ji nauyin ƙarfen nan a cinyarsa, ya tuna cewa shi bai san ko kuɗi ne suka shiga hannunsa ba.

Ya ce, "Liman, dakata. Jama'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ba na ganin abin da ke jikin takardun nan. Yau kusan shekara ke nan ku kanku da murya nake gane ku."

Ibram ya sunkuyar da kai yana zane a rairayi. Umara ya ci gaba, ya ce a tashi gaba ɗaya a je bariki, ma'ajin da ke karɓar kuɗin haraji ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya, a kuma sauya sunan da ke takardar motar a can, sannan ya miƙa manibel. Baƙon ya ɓata rai, ya ce bai taɓa ganin inda aka ci abinci ƙwarya ɗaya da mutum kwana uku sannan a kai kuɗinsa gaban Nasara kamar na ɓarawo ba.

Umara ya ce, "Ba kai nake zargi ba, baƙona. Idona nake zargi."

Baƙon ya ce to, bari ya ɗan kewaya ya ɗauko jakarsa. Shoferin nasa ya bi shi don ya riƙe masa doki. Aka jira, aka jira, har inuwar aduwa ta matsa. Da aka leƙa bayan gida, sai sawun doki da ya nufi kudu. Daga baya aka ji dokin ma na aro ne. A bariki ma'aji ya baje takardun a tebur ya ware uku, biyun sama da ta ƙasa, ya ce waɗannan na gaske ne. Sauran duk tsofaffin takardun Jamus ne na bayan yaƙi, masu manyan lambobi, waɗanda ko albasa ba sa saye a ko'ina cikin duniya. Ukun nan na gaske da ƙyar suka biya ragon da baƙon ya ci.

Kafin azahar Gure duka ta ji, kuma ba labarin takardun aka fi yi ba. Wani maƙwabci wanda matarsa ta taɓa bin Taguwa da tsohon ciki ya zo har ƙofar gida ya faɗi maganganu masu zafi, Umara ya saurara bai kare kansa ba, don ya san mutumin yana da gaskiya. Kwana biyu bai fita ko masallaci ba. A na biyun ne ya daure ya ce da Yabawa ta yafe masa ɓoyon da ya yi mata.

Ta ce, "Maigida, wa kake tsammani yake mayar maka da takalmanka wuri ɗaya kullum tun daminar bara?"

Kunya ta kama shi, amma wani nauyi da ya daɗe yana ɗauke da shi ya sauka.

Rana ta uku ya aika aka kira Ɗan Kasuwa. Dillalin ya zo yana taƙama, ya ce ai ga irinta nan, ɗan dillali ya tsallake dillali ya je cinikin biri a sama. Ya yi ta yi har ya gaji, sannan ya je ya kawo Muhammadu mai kanti. Abin da Umara ya ji tsoro kuwa ya faru: Muhammadu ya san yanzu dole ce, ya sauko jika uku. Ɗan Kasuwa ya kama shi da baki, ya tuna masa da kayan kantinsa da Taguwa ta yi shekara shida tana kawowa ba a taɓa rasa ko ƙullin sukari ba, har ya ja shi zuwa uku da rabi. Umara ya zayyana masa duk aibinta, bai rage ko ɗaya ba, ya kuma kafa sharaɗi biyu: Ibram zai ci gaba da aikinsa a jikinta, kuma shi azurfa yake so, ba takarda ba.

Muhammadu ya tono dalolin azurfa da ya binne, kowace dala tamma biyar. A ƙofar bariki aka zauna, gaban Ɗan Kasuwa da liman. Umara ya ɗora manibel a kan dutse, ya riƙa ɗaukar dala ɗaya ɗaya yana bugawa a jikin ƙarfen, ya karkata kai yana saurare kamar yadda yake yi wa inji. Ta gaske takan yi ƙara mai tsawo, ya jefa ta jakar da Yabawa ta ɗinka. Dala ɗari bakwai, tun hantsi har aka kira azahar. Uku suka yi masa muryar dalma, ya ajiye su gefe, Muhammadu ya musanya ba gardama, ya ce shi ma haka aka ba shi. Aka shiga ciki aka sauya suna a takardar mota, aka shafa Fatiha. Sai a sannan Umara ya miƙa ƙarfen da hannu biyu, ya kau da fuska, ya ce Allah ya sa albarka.

Kuɗin ba su kai garkar duka ba. Mai ita ya yarda ya raba, Umara ya sami dabino goma sha biyu da rijiyar, ya ce da babu gara ba daɗi. Ya koyi jan guga da bin magudanar ruwa da ƙafa, yana shuka albasa da barkono da 'yar alkama, Yabawa na kaiwa kasuwa. Idon ya ci gaba da rufewa har ya zama rana da inuwa kawai yake bambantawa. Bai yi arziki ba, amma bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba, kuma in wani a Gure zai sayar da abu mai daraja, ko raƙumi ne ko keken ɗinki, akan ce ya je ya ji ta bakin Umara tukuna. Shawararsa ba ta da tsawo: ka san gidan mai saye, kada ka ji kunyar a duba kuɗi, abin da ba ka iya gani ka ce ba ka gani.

Hanyar gabas ta bi ta bayan tudun da ke kan kwarin, kuma Muhammadu ya fara aika Taguwa ta can ɗaukar mangul duk ranar Alhamis. Tun tana nesa Umara yakan tsaya da igiyar guga a hannu, ya karkata kai, ya ce wa Yabawa sabon shoferin nan yana matsa mata, ko kuwa yau ba a ba ta ruwa da wuri ba. In ta zo daidai tudun, Ibram yakan miƙa hannu ya matsa oda sau biyu. Umara sai ya saki guga, ya ɗaga hannu sama wajen da ƙarar take, ya riƙe shi haka har ta yi nisa. Yabawa ba ta taɓa gaya masa cewa daga hanya ba a hango cikin kwarin ba.